Talata ta Biyar

Tana 'yar shekara tara mahaifinsu ya laƙaba mata Sakatariya, sunan kuma ya bi ta har yau da take da shekara talatin da ɗaya. Dalilin ba wani abu ba ne, yarinyar ba ta mantuwa. Ita ke tuna ranar da mai kwasar shara zai zo, ranar rigakafin ƙanwarta, ranar da tela ya ce a dawo. Tun ana yaba mata har kowa ya sauke ƙwaƙwalwarsa a kanta ya yi tafiyarsa. In an tuna, gida ne ya tuna. In an manta, Sakatariya ce ta manta.

Da ta girma ma aikin da ya same ta ke nan. Shekararta bakwai a wata makarantar koyon tuƙi, a bayan teburi ɗaya, ƙarƙashin fanka mai kuka kamar ana yi mata dole. Motoci huɗu, malamai uku, 'yan koyo sun haura hamsin, kowa da sharaɗinsa. Wata ba ta son malamin nan mai tsawa. Wani sai da yamma, amma ban da Laraba. Wani sati ɗaya yana gari sati ɗaya ba ya nan. Duk ita ke jera su a kalandar wayarta, launi-launi, ba a taɓa samun mutum biyu a mota ɗaya ba. A ofishin nan ba a san wata ba, sati aka sani. Darasi sati shida ne, gyaran mota duk bayan sati huɗu, hutun malamai sati-sati. Kanta ma da sati yake lissafi.

Abin dariyar, ita ba ta iya tuƙin ba. Shekara bakwai tana tura mutane kan titi, ita tana tsayuwa a bakin hanya tana jiran motar haya. Sai a farkon shekarar nan Oga, mai makarantar, ya ji kunya ya ba ta safiyar Asabar, ranar hutunta, ta riƙa shiga mota da malamin da ba shi da ɗan koyo a lokacin. Ta yi darasi biyar. Ta fara daina kashe mota a kwana.

Mama kuwa tun bara ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ƙafar ta ɗan dawo, tana jan ta da sanda. Hannun ne ya dunƙule ya ƙi buɗewa, bakin kuma kalma biyu ya rage masa, "to" da "wannan". Matar da ta yi shekara talatin tana ciyar da gida, yanzu sai an ba ta a baki. In an kawo cokali takan kau da kai ta kalli bango, sai yunwa ta ci ƙarfinta. Ba ta son komai a duniyar nan kamar ta riƙe cokalinta da kanta, wannan ko ba ta faɗa ba kowa ya gani.

Wata huɗu suka yi a layin jira kafin sashen gashin ƙashi na asibiti ya ba su gurbi. Mai rajista, wani dattijo mai gilashi a kan karan hanci, ya rubuta a bayan kati: Talata ta farko da ta uku a kowane wata, ƙarfe tara. Ya nuna musu takardar da ke manne a bango. Wanda ya yi fashi sau biyu an cire sunansa, a ba na bayansa, domin masu jira sun fi masu shiga yawa.

Su uku Mama ta haifa. Yaya Babba, mai aikin shimfiɗa tayil, shi Mama ke zaune a gidansa tare da matarsa. Sai Sakatariya. Sai ƙanwarsu, nas ce a wani asibitin daban, kowa Nas yake ce mata. Ranar da aka zauna raba ranakun kai Mama asibiti, Yaya ya ce shi ko yaushe a shirye yake, ban da ranar da kaya suka iso, ban da ranar da mai gida ya matsa, ban da ranar da ya yi nisa. Nas ta ce aikinta juyawa yake duk sati uku, safe, yamma, dare, ba ta da safiya sai a satin yamma. Ita kuma Sakatariya Oga ya ce zai iya ɗaga mata ƙafa wata Talatar jefi-jefi, kada dai ta mayar da shi al'ada.

Ta zauna da waya, ko minti goma ba ta yi ba ta ga hanya. Ta farko da ta uku, ai duk bayan sati biyu ke nan. Mutum uku, kowa zai zo sau ɗaya a sati shida. Sati shida kuma zagayen Nas biyu ne cif, kullum ranarta za ta faɗo a satin yamma. Ta yi wa kanta kore, Nas shuɗi, Yaya ja. Ta sa kowanne ya maimaita kansa duk bayan sati shida, babu ranar ƙarewa, ya buga ƙararrawa tun jajibiri, ya sake bugawa da safe. Ta tura wa kowa a wayarsa. Ta kuma kafa doka a guruf ɗin gida: wanda ya kai Mama ya dawo, ya rubuta "an je".

Nas ta turo tafi. Yaya ya ce kan nan naki da a kamfanin jirgin sama yake da babu jirgin da zai makara. Ta ji daɗi, ba za ta yi ƙarya ba. Katin ma ta jefa shi a jakar Mama ba ta ƙara dubawa ba.

Wata biyu abin yana tafiya kamar agogo. Hannun ya fara saki, babban yatsa da manuni suna ɗan rabuwa. A wata na uku, ranar jan launi, kaya suka iso. Yaya bai je ba, bai kuma faɗa wa kowa ba sai da azahar, lokacin da ya rubuta cewa wallahi abin ne ya zo masa a ba-zata. Sakatariya ta yi masa saƙon murya na minti shida. Ya saurari minti ɗaya, ta gani. Ta ce masa fashi ɗaya ya rage musu, ɗaya tak, in ya ga ba zai iya ba ya yi magana tun dare bai yi ba ta san yadda za ta yi. Ya ce shi fa ba yaro ba ne, ya ji.

Wata na huɗu ya kama ranar Talata. Ɗaya ga wata ita ta kai Mama. Sha biyar Nas ta kai ta, ta bar ta a ciki ta zauna a baranda tana amsa wayar wurin aiki har aka gama. Tun daga ranar Mama ta fito da wata sabuwar ɗabi'a. Duk wanda ya shigo ɗakinta sai ta ɗaga yatsu uku na hannun hagu, mai lafiyar, ta ce, "Wannan."

Matar Yaya ta ɗauki hoto ta sa a guruf. Yaya ya ce tsoka uku take nufi, an rage mata nama. Nas ta ce ko maganin ƙarfe uku ne. Sakatariya, da yake ranar zuciyarta a sanyaye take, ta ce 'ya'yanta uku take ƙirgawa, Allah sarki Mama. Aka yi ta turo hoton zuciya. Bayan sati guda yatsun suka koma biyu, Yaya ya ce to an cire mutum ɗaya daga cikin 'ya'yan, kowa ya binciki kansa. Aka yi dariya aka wuce.

Ashirin da tara ga wata wayoyi suka buga jan launi. Sakatariya ta kira Yaya tun bakwai, ya ce yana sane. Ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintuna ya rubuta "an je", har da ɗan yatsa a sama. Ta sauke ajiyar zuciya ta koma kan 'yan koyonta.

Talatar da ta biyo baya, shida ga sabon wata, babu wayar da ta yi ƙara. Wajen tara saura matar Yaya ta kira ta a ofis. Ta ce Mama fa tun da sassafe ta sa an yi mata wanka, ta nuna mayafinta na fita, ta lalubo katin asibiti da kanta, ga ta nan a kujerar bakin ƙofa ta ƙi tashi. A lokacin mutum biyu ne tsaye a kan Sakatariya, ɗaya yana faɗan an canza masa malami. Ta maƙale wayar a kafaɗa, ta buɗe kalanda, ta ga ranar fari fat.

"Anti, ba yau ba ne. Sati mai zuwa ne, kuma ni ce da kaina. Ki lallaɓa ta ta koma ciki, kin san kwanakin sun fara rikice mata."

Matar Yaya ta ce to. Daga baya ta faɗa mata cewa Mama ba ta bar kujerar nan ba sai da rana ta take tsaka, abincin ranar ma ba ta ci ba.

Sha uku ga wata, ranar kore, Sakatariya ta iso da mai tasi tun takwas. Mama ba ta yi ɗokin fita ba. Sai da aka yi ta fama kafin ta yarda a sa mata takalmi, a mota kuma ta juya fuska ga taga. Suka isa tara saura kwata. Benci cike, fuskokin duk baƙi, babu tsohon nan mai keken guragu da suke haɗuwa da shi kullum, babu matar da ke kawo mijinta tana yi masa faɗa. Abin ya ɗan taɓa ta, amma ta miƙa kati.

Mai rajista ya duba kati, ya buɗe babban littafinsa, ya bi layi da bayan biro. Ya ce yau ba ranarsu ba ce, yau ta 'yan biyu da huɗu ce. Sannan ya ƙara sauke gilashin ya ce sunan ma an ja masa layi, fashi biyu, na watan shekaranjiya da na satin da ya wuce.

Ta yi murmushin da take yi wa 'yan koyo in sun zo da rigima. Ta ce Baba a dai sake dubawa, ita aikinta ke nan, tsara ranaku, ba ta taɓa haɗa biyu ba. Ta juya masa wayar, kore, shuɗi, ja, a jere kamar sojoji. Ta ce duk bayan sati biyu, ga shi nan, ɗaya ga wata, sha biyar, ashirin da tara, yau.

Bai ko karɓi wayar ba. Ya miƙa hannu ya ɗaga shafin kalandar takarda da ke rataye a bayansa, ya koma watan da ya wuce, ya sa biro a layin Talata.

"Ƙirga mini, 'yata."

Ɗaya. Takwas. Sha biyar. Ashirin da biyu. Ashirin da tara. Biyar ne. Watan yana da Talata biyar, tsakanin ta uku da ta farkon wata mai zuwa sati uku ne, ba biyu ba. Tun daga ranar duk launukanta suka zame da sati guda, suna ta buga ƙararrawa a ranakun da ba na kowa ba.

Sai ta kama abin da ya rage mata. Ta ce to ai ashirin da tara yayanta ya kawo Mama, me ya sa ba a gaya masa ba? Wa ya karɓe su? Ai da sai a ce masa ba ranarsu ba ce.

Dattijon ya dube ta ta saman gilashi. Ya ce Talata ta biyar ba sa ganin kowa, ranar ake duba injuna, ƙofar nan da kwaɗo take wuni. Shi da kansa yana zaune a nan yana mayar da waɗanda suka yi irin lissafinta, mutum huɗu ya mayar, ya kuma gaya wa kowannensu ya dawo shida ga wata. Bai ga wannan baiwar Allah a cikinsu ba.

Ta fita baranda ta kira Yaya. Ana jin injin yankan tayil a bayansa. Ta tambaye shi ranar ashirin da tara wa ya duba Mama, mace ko namiji. Ya ce mace ce, ko namiji, shi bai shiga ciki ba. Ta ce ƙofar a buɗe take ko a rufe. Injin ya yi shiru.

Ya fara da cewa ranar mai gida ne ya tsare shi, ya ga in ya faɗa za ta sake yi masa wa'azin minti shida, ya ce bari ya lallaɓa daga baya ya je ya ba su haƙuri, sai abin ya shige masa. Ta gaya masa abin da ya faru, a gajarce. Da ya sake magana har wani sauƙi ta ji a muryarsa.

"To ai kin ga ke nan ko na je ba ranar ba ce. Ni ban yi fashin komai ba. Lissafinki ne ya kwana."

"Da ka je, Yaya, da ka tarar da kwaɗo. Da an ce maka shida ga wata. Da yanzu Mama tana ciki."

"Da kin duba kati fa?"

Ta kashe wayar. Ƙaryarsa gaskiya ce, kuskurenta ma gaskiya ne, ko wanne aka cire Mama tana da gurbinta. Ta tsaya tana kallon mutanen da ke wucewa da sanduna, tana jin kamar ta buga wayar da bango.

Da ta koma, likitar gashin ta fito shan iska, wata doguwa mai takalmin roba. Ta gane Mama, ta durƙusa ta kama dunƙulallen hannun tana murzawa. Ta ce ta yi cigiyarta satin da ya wuce. Ta ce ai ranar sha biyar sai da ta gaya wa Mama wannan karon sati uku ne, har ta nuna mata da yatsu ta ce ta gaya wa yara, Mama kuma ta ce to.

Sakatariya ta juya ta kalli mahaifiyarta. Mama ba ta ɗaga yatsa ko ɗaya ba. Kallonta kawai take yi, irin kallon da take mata tana ƙarama in ta fasa kofi ta tsaya tana bayani. Uku, biyu, sannan kujerar bakin ƙofa. Matar da aka ce kwanaki sun rikice mata ita kaɗai ce a gidan take ƙirga daidai, su kuma suna guruf suna tsoka uku.

Ta koma teburin mai rajista, wannan karon babu murmushi babu waya. Ta roƙe shi. Ta ce laifinta ne, a hukunta ta, kada a hukunta hannun. Ya ce ya ji, amma gurbin tun ranar Laraba aka kira wani, mutumin da ya yi wata biyar yana jira, shi ma uban wasu ne, ba zai kira shi ya ce an fasa ba. Sunan Mama zai koma ƙasan layi. Abu ɗaya zai iya yi mata. Ya nuna wani ɗan benci a lungu, kusa da tulin kujerun da suka karye. Duk Talata, in mutum ya zo tun bakwai ya zauna a can, wanda ya makara da kwata ana ba da lokacinsa ga na bencin. Wata ranar a samu, wata ranar a wuni a banza. Ba alkawari.

Ta tambaya wace Talatar. Ya ce kowace, ban da ta biyar, ya ɗan kalle ta.

A tasi ta buɗe kalanda ta danna jan launi. Wayar ta tambaye ta, wannan kaɗai za a goge ko duk masu zuwa. Ta ce duka. Ta goge shuɗi, ta goge kore. Ta sa guda ɗaya, duk Talata, shida da rabi, sunanta. Sannan ta bi watannin gaba da yatsa ɗaya bayan ɗaya, tana ƙirgawa a fili kamar 'yar aji ɗaya, ta cire duk ta biyar da hannunta.

Oga bai yi musu ba, amma bai yi kyauta ba. Ya ce in tana son safiyar kowace Talata sai ta dawo masa da Asabar, teburin ba zai zauna babu kowa sau biyu a sati ba. Ta buɗe Asabar, inda ta rubuta "darasina" da ruwan ɗorawa. Wayar ta sake yi mata tambayar nan. Ta daɗe tana kallonta kafin ta danna duka.

A guruf ta rubuta abin da ya faru, layi huɗu, har da nata laifin, ba ta rage wa kowa ba. Nas ta kira tana kuka, ta ce da ta shiga ɗakin ranar maimakon ta tsaya waya da ta ji, ta ce duk satin yamma za ta zo ta karɓe ta. Sakatariya ta ce in ta zo ta gan ta, amma ba za ta sake rubuta sunan kowa ba. Yaya ya turo cewa Allah ya ba da lada, shi ma in an samu sarari zai riƙa leƙowa. Ta karanta sau biyu, ta rubuta amsa mai tsawo, ta goge, ta kife wayar.

Ashirin ga wata, Talata ta uku, ranar da take tasu ce ta asali, bakwai saura suna kan ɗan bencin lungu. Mama da mayafinta na fita, katin a hannun hagu. Tsohon mai keken guragu ya ɗaga musu hannu. Ƙarfe tara daidai aka kira wani mutum mai rawar ƙafa, ɗansa na riƙe da shi, suka shiga a lokacin da yake na Mama. Sakatariya ta bi su da ido har ƙofa ta rufe.

Daga nan ta koma kallon agogon bango da bakin baranda. Duk wanda aka kira sai ta ji zuciyarta na cewa Allah ya sa ba ya nan. Ta kama kanta tana fatan a ce wani ɗan, a wani gidan, ya yi ƙarya ko ya yi lissafin sati biyu, ta ji kunya, ta kuma ci gaba da fatan. Tana jira tana murza hannun Mama yadda ta ga likitar na yi, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Manunin da ya fara saki ya soma komawa.

Ranar kowa ya zo. Ko mutum ɗaya bai makara ba. Sha biyu da rabi mai rajista ya rufe littafinsa, ya ce su yi haƙuri, sai wani satin.

Ta tattara jaka, ta miƙa wa Mama sanda. Mama ba ta karɓa ba tukuna. Ta ɗaga hannun hagu daidai fuskar 'yarta, yatsa ɗaya a tsaye, ta riƙe shi a nan.

"Wannan."

"Na gani, Mama. Sati ɗaya."

Mama ba ta sauke ba sai da ta ga ta ciro katin, ta juya bayansa, ta rubuta ashirin da bakwai da biro.